Motar Hajiya Ce, Daga Gida Sai Islamiyya

Da zarar an kwashe albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno, an sayar da shinkafar ranin da ta sha ruwan dam ɗin Goronyo, sai wata cuta ta kama magidanta. Alamarta ta farko ita ce mutum ya fara raina babur ɗinsa. Boxer ɗin da ta yi shekaru tana kai shi Gandi da Rabah ba ta taɓa ba shi kunya ba, yau ita ce "ba ta dace da shekaruna ba". Maganin cutar biyu ne, ko amarya ko mota. Wanda ya zaɓi amarya aƙalla yakan tura dattawa su yi bincike.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutumin nan ba wawa ba ne. Ka bi shi kasuwar Achida ranar da zai sayi san noma ka ga aiki. Zai buɗe bakin san ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya leƙa ido, ya shafa tozo, ya sa yaro ya kora shi don ya ga tafiyarsa, har ya tsaya jiran dabbar ta yi kashi ya duba. Rantsuwar dillali ba ta shiga kunnensa ko da za a dafa masa littafi. Amma a tsayar da shi gaban motar da ta ci kuɗin shanu da yawa, sai ya goya hannu a baya, ya gyara hula, ya koma baƙon kunya.

Ba shi kaɗai yake zuwa Sakkwato ba, kwamiti ake haɗawa. Akwai aminin da ya taɓa zama Legas, wanda duk iliminsa na mota a tashar Iddo ya tsaya. Akwai ƙanin uwargida, wanda aka ɗauko don kada a ce an ɓoye wa gida. Akwai wani dattijo mai addu'a. Wanda babu a tawagar shi ne bakanike, saboda zai nemi kuɗin mota da na abinci da ɗan abin hannu, kuma Alhaji ba ya son ɓarnar kuɗi.

A wurin masu sayar da motoci kuwa, dillali ya riga ya karanci mutanensa tun daga bakin ƙofa. Ya san mu mutane ne masu girmama asali. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, ƙasar da aka haifi Sardauna, ba a shigo mata da abu babu salsala. Saboda haka ba ya farawa da injin, da nasaba yake farawa.

"Alhaji, motag ga ba a magana. Wata Hajiya ad da ita, daga gida sai Islamiyya. Maigidan ya sai mata sabuwa, shi ya sa anka hiddo ta."

Allah ya ƙara wa Hajiyar nan lafiya. Ni dai tun ina yaro nake jin labarinta, har yau ba ta sauke ba, kuma duk motar da ke tsakanin Sakkwato da Gusau ta taɓa zama tata. Idan motar 'yar Kwatano ce, sai Hajiya ta koma wata tsohuwar Baturiya a Jamus da ba ta fita sai ranar Lahadi. Idan Fijo 406 ce, to, ta wani likita ce da aka yi wa canjin wurin aiki. Ba za ka taɓa jin an ce wannan ta yi shekara goma tana jigilar buhunan albasa da fasinja tara tsakanin Goronyo da Sabon Birni ba, ko da kuwa warin albasar na nan a but yana maka sallama.

Ɗauki Golf 3, uwar tafiyar hanyoyinmu. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, ya daina tun kafin shekara ta 2000. Ke nan ƙaramar cikinsu ta girmi wasu direbobin da ke tuƙa ta. Amma ka leƙa mita ka ga kilomitocin da ta rubuta, sai ka rantse bara aka yaye ta. Mayar da mita baya aikin ɗan lokaci ne. Abin da ba a iya mayarwa baya shi ne robar feda da ta suɗe har ƙarfe ya fito, da sitiyarin da ya yi santsi, da kujerar direba da ta lotsa. Waɗannan ba su iya ƙarya ba, shi ya sa ba a tambayarsu.

Daga nan sai a fara abin da kwamiti ke kira dubawa. Na Legas zai zagaya ya shuri taya da ƙafa, ya gyaɗa kai. Har yanzu ban samu malamin da zai gaya mini abin da taya ke faɗa wa ɗan yatsa ba. Alhali a gefen tayar nan akwai lambobi huɗu da ke faɗin makon da shekarar da aka yi ta: idan ka ga 2314, mako na 23 ne na 2014, ko da an shafe ta da mai tana ƙyalli. Ƙanin uwargida zai danna ham, ya kunna rediyo, ya ga tana kama tasha. Sai a taka totur har ƙasa, injin ya yi kururuwa, kowa ya ce, "Kai! Akwai rai." An gama.

Babu wanda ya lura cewa ko da suka iso, bonet da ɗumi. An tayar da ita tun da safe ta yi zafi, domin tsohon injin da sanyin safiya yake tona asirin kansa: ƙara, kakkarwa, tari, da shuɗin hayaƙi mai nuna yana shan baƙin mai. Babu wanda ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko akwai wani farin kumfa a ciki, alamar ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ya tafi. Babu wanda ya zaro ma'aunin ya taɓa man ya ji kaurin da aka zuba don ya danne ƙarar ƙarfe. Ba a leƙa lagireto ba, ba a tambayi dalilin da ya sa fanka ke juyawa tun daga murɗa makulli ba, alhali haɗa ta dairek sau da yawa rufin asiri ne ga motar da ke zafi. Ita kuwa wutar gargaɗin injin da ya kamata ta haska da an murɗa makulli sannan ta mutu, ba ta haska ba sam. An cire mata ƙwai. Kwamiti ya ɗauki wannan a matsayin shaidar lafiya.

Duk wannan ba jahilci ne ya kawo shi ba, girma ne. A wurinmu, yawan tambaya alamar talauci ce. Mai kuɗi ba ya durƙusawa. Ranar da wani ya yi ƙarfin hali ya tattare babbar riga zai leƙa ƙarƙashi, dillali zai riƙo shi da sauri.

"Haba Alhaji! Mi kaka nema ƙarƙashin mota? Girmanka ya wuce hakan ga. Ko ba ka yarda da ni ba?"

Nan take Alhaji zai miƙe yana ba da haƙuri. Da ya leƙa, da ya ga walda a shasi, da ɗigon mai a gindin giyabos, da tsatsar da aka lulluɓe da baƙin fenti. Da ya ɗauko ɗan maganaɗisu ya bi jikin ƙofa, da ya ji inda ya ƙi kamawa, wurin da fanabita ya cike da ƙullu bayan Hajiya ta yi karo da tirela a hanyar Islamiyya. Amma ina! Zumunci ya fi mota. An yi musabaha, an gano ma kakan dillalin mutumin Rabah ne.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, an samu tambaya guda da ba a jin kunyarta: "Tana shan mai?" Amsarta ma guda ce a duk faɗin jihar: "Sha? Shaƙa dai taka yi."

Gwajin tafiya kuma a kan kwalta mai laushi ake yinsa, a cikin birni, rediyo na tashi, dillali na ba da labari da ƙarfi daidai lokacin da za a sa giya ta uku. Motar da za ta rayu a kan burji da ramuka da yashin fadama, ba a bari ta taka ko tudun rage gudu ba. Nan kam raha ta ɗan tsaya mini a wuya, domin duk mai bin hanyoyin gabashin Sakkwato a shekarun nan ya san ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa bayan la'asar ba ne.

Takardu su ne na ƙarshe, idan an tuna. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma garuruwan bakin iyaka, Illela da Ƙonni, ba su matsa daga inda suke ba. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, minti biyu ya isa a gwada ta jikin mota da ta takardar kwastan. Amma Alhaji ya bar tabarau a gida, na Legas kuma ya ce ai hatimin ya yi kama da na gaske. Sai a ce "Allah ya sa albarka", dillali ya karɓi la'ada a nan, ya zagaya ya karɓa a can.

Ranar shiga gari, ranar sallah ce. Yara na bi da gudu, mata na leƙe ta katanga, maƙwabta na zuwa "Allah ya tsare". Mako biyu ana wanke ta safe da yamma. A mako na uku ta fara son a tura ta da asuba, saboda haka Alhaji ya koma ajiye ta a kan gangara, ya kuma ƙulla zumunci na musamman da almajiran unguwa. Ba da jimawa ba jarkar ruwa ta samu kujera ta dindindin a baya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai shi an ce masa kwano ne.

Yanzu tana ƙarƙashin dogonyaron bakaniken nan da aka ƙi ɗauka saboda tsimi, an ɗora ta a kan duwatsu, an sauke injin. A majalisa an daina tambayar Alhaji iyali, sai dai a ce, "Ya mai jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, kaya muka jira daga Kano." Sannan ya tura yaro gidan ƙanin uwargida, wanda ya sayar wa Boxer da araha, a ce idan ba zai fita ba yau, ya ara masa zuwa Goronyo.