Cokula Goma Sha Biyu da Giwan Ruwa

Ɗan yayata ne ya jawo, ina so a rubuta haka tun daga farko. Shi ya miƙo mini wayarsa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce, "Kawu, kai da kake cewa ka iya fatsa, zo ka ga masu fatsa." Wani Bature ne a jihar Minesota ta Amurka, zaune a kan tafkin da sanyi ya daskarar, ya huda rami a ƙanƙara, ya haska wani ɗan ƙarfe da tocila, ya kashe tocilar, ƙarfen ya ci gaba da ci da koren haske. Ya zura shi a ramin. Kafin in gyara tabarau har ya jawo kifi. Ya sake zurawa, ya sake jawowa. Ban ga inda ya gaji ba, cajin wayar ne ya ƙare.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, fatsa kuwa sha'awa ce ta ranar Asabar. Nakan je madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, in zauna da sandata da gwangwanin tana, in dawo da 'yan karfasa waɗanda maiɗakina ke soya wa yara don ta rufa mini asiri. Abin da na fi kamawa a can shi ne mura. Amma burina giwan ruwa, kifin da kan haura kilo 100 idan ya tsufa, wanda ake ɗagawa sama a Argungu a ba mutum mota. Da ido yake farauta, kuma ya fi fitowa da almuru da asuba. Kifi mai farauta da ido, koto mai haske a duhu: ko ɗan firamare ya iya wannan lissafin.

Wani ɗan'uwanmu mai safarar kaya daga Chaina na roƙa ya taho mini da garin da ke sa irin wannan ƙarfe haske a duhu. Ya kawo shi a ƙullin leda, fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa, ya ce in daina aikensa irin wannan, domin da an buɗe jakarsa a filin jirgi da yanzu yana can yana bayani.

Maiɗakina malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma wannan shi ne babban ƙalubalen rayuwata. Ta ɗaga ledar ta ce, "Maigida, ka san labarin 'yan matan radiyam?" Ban sani ba, amma na san zan ji. Tun daga 1917, in ji ta, ana ɗaukar 'yan mata a Amurka suna shafa wa lambobin agogo fenti mai haske, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini. Radiyam ɗin ya zauna musu a ƙashi, haƙora suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe, da yawa suka mutu. Na bari ta kai aya, sannan na fito da nawa karatun, wanda na kwana ina haddacewa. Wannan garin, na ce, sitirontiyam aluminet ne, wani kamfanin Japan mai suna Nemoto ya fito da shi a 1993. Babu radiyam a cikinsa. Haske yake sha daga rana ko fitila, ya riƙe, ya riƙa sakinsa sannu a hankali, kuma ya ninka tsohon garin zinki salfaid haske wajen sau goma. Ta dube ni ta ce daidai ne. Shekara da shekaru muna tare, ranar na fara jin wannan kalma, har na so in sa a yi sadaka.

A kan dalma ne aka sake ɗaura. Koton Baturen ƙugiya ce mai kan dalma, nauyin ke kai ta ƙasa. Dalma ba baƙuwa ba ce ga masuntanmu, ita ce a bakin birgi. Amma maiɗakina ta ce ba a gidan da yaranta ke rarrafe ba, ta tuna mini Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariyar da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Nan ban ce uffan ba. Na kwashi gawayi da gwangwanin kifi na tafi wani kango a bayan unguwa, na yi zubin yumɓu da hannuna. Dalma na narkewa a digiri 327, ruwa kuwa a 100 yake zama tururi, saboda haka idan akwai sauran danshi a zubin, tururin ba ya neman izini kafin ya fita. Baturen ya yi wannan gargaɗi, amma a daidai wurin da ɗan yayata ya tura bidiyon gaba don mu ga kifi. Ji na yi tas! Na tsira da idona, rigata ta shadda ba ta tsira ba. Mai ɗinki ya ƙirga hudojin ya ba ni shawarar in mayar da ita matacin koko.

Sai na koma ga cokali. Wannan ma sanannen koto ne: a yanke mariƙin, a huda kai da gindi, a sa zobe da ƙugiya, idan ana jan sa a ruwa yana wulwulawa, kifi ya zaci ɗan'uwansa ne ya ji ciwo. A kabad ɗin falo akwai wasu cokula dozin guda a kwalinsu, tun ranar jere suke nan, ba wanda ya taɓa kai su baki. A fahimtata abin da ba a amfani da shi ba shi da mai shi. Mai walda ya yanke ya huda, bai tambaye ni komai ba, Allah ya yi masa albarka.

Saura abin da zai riƙe garin a jikin ƙarfe, wato man farce marar launi. Na shiga kasuwar Sabon Gari da gemuna da hulata na tsaya gaban mai kayan kwalliya. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, na amarya ne ko na uwargida?" Na ce na kifi ne. Ya ba ni canjina ba tare da ya sake haɗa ido da ni ba.

Aikin kansa yana da ƙa'ida, kuma duk wanda zai bi sahuna ya saurara. Farin fenti ake fara shafawa, domin a kan baƙi ko ƙarfe tsirara rabin hasken ɓacewa yake yi. Garin ba ya narkewa a man, kwanciya yake yi a ƙasan kwalba, sai ana shafawa ana juyawa. Kada a niƙa shi don ya yi laushi, manyan ƙwayoyin ne suka fi haske. A shafa, a bari ya bushe, a ƙara, sannan a rufe da man zalla, don ruwa yana kashe garin idan ya taɓa shi kai tsaye. Na ɗaura wa kowane gashin zakara a gindi. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne man farce yana hana ruwan alwala taɓa fata, kuma ni mutum ne mai shafa gemu idan yana tunani. Yatsun na kankare su kafin la'asar. Gemun ban duba ba.

Na shanya cokulan a igiyar tsakar gida suka wuni suna shan rana. Surukata, Hajiya, ta zo mana kwana biyu daga ƙauye. Bayan isha aka ɗauke wuta, ta fito da butarta, ta ɗaga kai, ta ga idanu kore goma sha biyu a jere a sama, kowane da jela, iska na kaɗa su. Salatin da ta saka har layi na uku an ji.

Maƙwabta suka cika ƙofar gida, 'yan sintiri suka shigo da gora da manyan tocila. Da sun haska, sai su ga cokula. Da sun kashe, sai idanun su dawo, sun fi na ɗazu ƙarfi, tunda tocilar abinci ce a gare su. Shugabansu ya ce a haɗa tocila duka a haska lokaci guda a ƙone su. Aka haɗa, aka kashe, tsakar gida ta koma kore har ana ganin tukwane. Wani dattijo ya fara karatu da ƙarfi. Na ga abin zai yi nisa, na fito in yi bayani, wani ya dallare mini fuska ya kashe, sai ga gemuna yana ci. Shugaban 'yan sintiri ya ja da baya ya taka butar Hajiya, ya ce, "Ya shiga jikin maigidan!"

Maiɗakina ce ta kashe wutar. Ta zo ta ciro ɗaya daga igiya, ta juya bayansa, ta shafa zanen furen da ke jiki. Ta ce, "Jama'a ku yi haƙuri, ba aljanu ba ne. Cokulan aurena ne." Mutane suka watse da sauri fiye da yadda suka taru, har da dattijon, bai ƙarasa ayar ba. Da aljanun ne da na samu masu taya ni.

Asabar ta gaba na tafi Tiga da yamma, don in wanke sunana da kifi. Ƙarshen damina ne, ruwan ya yi jajawur da laka. Wani tsohon masunci ya yarda ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Ya juya cokalin a hannu ya ce, "Ɗana, wannan na cin tuwo ne ko na tsafi?" Na yi masa bayani cewa a cikin ruwa jan launi ne ke fara ɓacewa, kore da shuɗi su ne ke kai nisa, shi ya sa Turawa ke kama kifi da shi a ƙasan tafki. Ya ce, "Ruwan nasu ana ganin ƙasa?" Na ce garau yake. Ya tsoma hannunsa zuwa wuyan hannu, yatsun suka ɓace. Bai ƙara magana ba.

Shi mamari ya shimfiɗa, doguwar igiya mai ƙugiyoyi, ya sa musu hanjin kaza da gutsattsarin sabulu. Tarwaɗa, in ji shi, ba ruwanta da ido, da gashin bakinta take shinshina abinci, ko ka kunna mata janareto ba za ta zo kallo ba. Ni kuwa kowane jifa sai na haska cokali da tocila, saboda ƙarfin hasken a mintunan farko yake. Kifi bai gani ba, amma duk wani sauro da cinnaka mai fiffike da ke tsakanin Tiga da Rano ya gani, kuma ya amsa gayyata.

Can dare ya raba na ji nauyi. Na ja, zuciyata na bugawa, ina tsara yadda zan shiga gida da giwan ruwa a kafaɗa. Wani abu mai taushi, mai ƙiba, ya taso, ƙugiyar ta soke shi a gefen ciki. Baba ya ce, "Kada ka ta..." Na riga na cafka. Minjirya ce, kifin da ke sakin lantarki har wajen bolt 350. A duk faɗin dam ɗin, kifi ɗaya tak mai wutar kansa shi ne ya zo duba wanda ke masa kishiya. Na jefar da ita, na jefar da sanda, na kira sunan mahaifiyata wadda ta rasu tun ina sakandare. Baba ya yi dariya har kwalekwalen ya ɗebi ruwa.

Da asuba, yana ciro tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce in sayar masa da cokulan. Na gyara zama, na ce ashe dai ya gane. Ya ce ƙwarai: zai ɗaura su a kan gorunan da ke riƙe mamarinsa, su sha rana da yini, da dare ya hango inda ya yi shimfiɗa ba sai ya ƙona batir ba. Ya biya ni da tarwaɗa huɗu manya, ya ce maƙwabtansa ma za su so, in ƙaro.

A gida na ajiye kifin a gaban maiɗakina ban ce komai ba, ita ma ba ta tambayi wanda ya kama ba. Ta dafa, Hajiya ta ci ta sa albarka daga nesa, don har yanzu ba ta yarda mu haɗu a tsakar gida bayan magariba. Kabad kuwa an sa masa kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zani. Ludayin miya na ƙarfe kawai aka manta a waje, kuma na auna shi da idona: daidai bakin giwan ruwa.