Baƙon da ba a caje ba

A Maiduguri caje ya zama kamar gaisuwa. Ranar Sallah a ƙofar wurin shaƙatawa, sai an buɗe jakar uwa, an leƙa kular abinci, an zagaye yaro da sandar nan mai ƙara, alhali makullin gida ne kawai a aljihunsa. Ba ma ƙorafi, mun san abin da ya kawo haka.

Amma a Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidan zoo na Sanda Kyarimi, babu wanda ya ce masa ya ɗaga hannu. Kadoji da macizai kuwa suka fice cikin unguwanni, ko sallama babu. Ranku ya daɗe, a riƙa caje madatsar ma.