Sefa Ba Ta San Zumunci Ba

Har gobe ina nan a kan bakana: lissafin da na yi kafin tafiyarmu Damagaram bai da aibu ko na sisin kwabo. Makarantarmu da ke Birnin Kudu ce ta shirya ziyarar ƙaro ilimi, mota da masauki a wuyanta, cikin ɗalibi kuwa a wuyansa. Na raba naira 40,000 gida uku a takarda: abinci, ko-ta-kwana, da ɗan abin da zan saya don a san na taɓa fita waje.

Matsalar ta faro ne da na je Gwaram sallama. Kafin in cire takalmi Inna ta sanar da unguwa cewa ɗanta zai tafi ƙasar waje. Gwaggo ta kwance bakin zane ta ba ni naira 1,000, ta ce dabino, mai taushi, mudu biyu. Yaya ta ce turare, kuɗinta sai na dawo. Sai Kawu, wanda rabonsa da Nijar tun zamanin Shugaba Tandja, lokacin da jaka guda ta sefa, wato sefa dubu, ba ta kai naira 400 ba. Ya miƙo naira 2,000 da hannu biyu.

"Kilishi da cuku. Abin da ya rage ka sha fura, ɗana."

Na ce Allah ya ƙara girma, Kawu. Me zan ce?

Muka bi ta Dutse da Gumel muka sauka Maigatari wajen 'yan canji. Ita sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 656 da wuya ta motsa, ita kuwa naira da aka sake ta a 2023 sai ta gangara. Jaka ɗaya ta haura naira 2,000. Mai canji ya karɓi damin kuɗina, ya lashi yatsa, ya ƙirga, ya miƙo min 'yan takardun da ko aljihun gaba ba su cika ba. Na tsaya ina jiran ragowa. Ya ce, "Malam, matsa, akwai mutane a bayanka." Kuɗin Kawu gaba ɗaya ko jaka guda bai kawo ba.

Damagaram gari ne, wannan ba gardama. Mun shiga fadar Sarki a unguwar Birni, mun ga gine-ginen ƙasa masu zane a Zango, malaminmu yana ta bayanin yadda garin ya kasance babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ni dai kunnena na wajensa, zuciyata na aljihu.

Da yamma na tsaya gaban mai tsire. Na tambaya, ya ce dala ɗari. Na ce a raina sefa ɗari ai sadaka ce, na ce a ba ni kashi huɗu, har na yafuto abokai biyu, ni mai hali. Muka cinye, muka siɗe yaji. Na miƙa sefa 500 ina jiran canji. Mutumin ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ajiye wuƙa a hankali. A can da biyar-biyar ake ƙirga kuɗi, dala ɗari sefa 500 ce, kashi huɗu jaka biyu cif. Abokan nan, da na waiga, sun zama masu sha'awar kallon masallaci. Nan gidan ko-ta-kwana ya rushe.

Sauran zaman na yi shi a kan burodinsu mai tsawo kamar sandar makiyayi da ruwan leda. Kabu-kabu kuwa na ce likita ya hana ni.

A hanyar dawowa na ranci kuɗi wajen ɗan ajinmu, na sayi dabino a Dutse, kilishi a tasha, cuku na ce an hana fitar da shi. Gwaggo ta ɓare dabino ɗaya ta lumshe ido.

"Ka ji abin Nijar! Na Dutse ina zai kama ƙafar wannan?"

Kawu ya jujjuya ƙunshin kilishi, wanda jaridar da aka naɗe shi da ita ta Kano ce, ya ci yanka biyu, ya gyara zama.

"Madalla. To, furar nan nawa ka sha ne? Kawo canjin."