Ragon Arsenal

A Morai ba mai kirana da sunan yanka. Yara Malam suke cewa, don ina koyar da lissafi a firamare. Manya kuwa Koci suke ce mini, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in ɗauka zolaya ce ba. Ta ƙofar Kanu Nwankwo na shiga Arsenal, a 1999, ranar da Chelsea ta ci mu biyu, shi kuma ya tashi shi kaɗai ya zura uku rigis cikin minti goma sha biyar na ƙarshe. A 2004 muka ɗauki kofin Firimiya, wasa 38 ba wanda ya kai mu ƙasa. Kada ka tambaye ni su wane ne "mu". Iyakar nisan da na taɓa yi Kaduna ne, amma in ka ji ina zancen filin Emirates sai ka rantse ina da gadon fili a bayansa. Da labarin 2004 ɗin nan na yi ta kare kaina a teburin mai shayi har furfura ta fito mini a gemu, don daga shi har zuwa lokacin ba mu ƙara ba.

Sai kakar 2022/2023 ta kama. Kocinmu Arteta ya ɗauko Gabriel Jesus da Zinchenko daga Manchester City, ya haɗa su da yara masu jini a jika, su Saka da Martinelli da Odegaard da Saliba. Wasa biyar na farko muka cinye. A watan Oktoba muka ba Tottenham 3-1, muka ba Liverpool 3-2. Kafin a tafi hutun gasar cin kofin duniya a Qatar, muna saman teburi da tazarar maki biyar. Tafiyata ma ta canza. Hula ta koma gefe guda.

Gidan kallonmu rumfa ce ta langa-langa, da benci-benci, da talabijin biyu, da wani janareta da bai san kunya ba, don ba ya tari sai an tashi buga fenariti. A ƙofa akwai allo da mai gidan ke rubuta wasannin ranar. Wannan allon ni na ƙwace shi. Da allin makaranta nake zuwa a aljihu, ana tashi in tsaya in zana teburi, in lissafa makin da ya rage, in ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Masu goyon bayan Chelsea da Manchester United su yi tsaki su watse. Mutum ɗaya ne ke tsayawa har in gama, wato ƙanen matata, mai cajin waya a bakin kasuwa. Da can ɗan Chelsea ne, da iska ta juya ya koma City. A lokacin, duk magoya bayan City na garinmu babur ɗaya ya ishe su, har da wurin ɗora buhu. Yakan tsaya yana murmushi ya ce, "Yaya, a dai yi lissahi a hankali." Ni kuma in ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Kofunan nan na gefe kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka zube, kuma kowanne na samo masa fassara tun kafin alƙalin wasa ya busa tashi. A Nuwamba Brighton ta zo har gida ta fitar da mu daga kofin Carabao da ci 3-1. Na ce kofin kamfanin lemo ne, manya ba sa tsayawa a kansa. A ƙarshen Janairu City ta kore mu daga kofin FA, Nathan Ake ya ci ɗaya tilo. Na ce dabara ce: mun bar musu ne su gaji da yawan wasa. Ai ba wanda ya isa ya musa mini, tunda a rabin kaka muna da maki 50 daga wasa 19, kuma kwana biyar kafin nan Nketiah ya karya zuciyar 'yan United a minti na 90.

Ranar Asabar 4 ga Maris 2023 ce bakina ya yi mini aiki. Bournemouth ta ci mu tun ban gama gyara zama ba, daƙiƙa tara da take wasa. Ta ƙara na biyu. Rumfa ta kaure da dariya, wani ya miƙo mini ruwan leda wai in jiƙa maƙoshi. Muka farke ɗaya, muka farke biyu. A minti na 97, ƙwallo ta faɗo gaban Reiss Nelson, ya tare ta ya ɗirka da ƙafar hagu. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina tsaye a kan benci, takalmi ɗaya a ƙafa, hula ban san inda ta nufa ba, ina rungume da wani bawan Allah da muka yi wata biyu ba ma gaisawa saboda iyakar gona. Daga can sama na ɗaga hannu aka yi tsit, na ce, "Jama'a ku shaida! Ranar da aka ɗaga kofin Firimiya na bana, ni nan zan yanka rago, kowa ya ci!" Aka yi kabbara. Na hangi ƙanen matata ya ɗaga wayarsa yana ɗauka. Har gyara tsayuwa na yi masa, na maimaita da kyau don muryar ta fita.

Talatar da ta biyo baya na nufi kasuwar Talata Mafara. Ka tuna lokacin ne na canjin kuɗi, takardar naira ta zama sai mai rabo, mutane na kwana a layin banki. Na shiga kara na zaɓi wani fari tas, mai ƙaho a murɗe. Mai ragon ya ce shi bai san wani taransifa ba, ko kuɗi a hannu ko in ba shi wuri. Ina tsaye sai na tuna da buhunan shinkafa shanshera da ke jingine a ɗakin uwargida, wadda ta samu daga 'yar gonar da take nomawa a rani a Bakolori, ta ajiye don azumi. Na ce a raina ai ara ne. Da yamma buhu biyu suka fita ta ƙofar baya tana gidan suna, rago ya shigo ta ƙofar gaba. Da ta dawo ta dubi ɗaki, ta dubi turke, ta dube ni.

"Malam, wanga rago na mi ne?"

Na ce na walima ne. Ta ce wa ya haihu? Na ce ba haihuwa ba ce, kofi ne. Ba ta ƙara cewa uffan ba. Na fi son ta yi faɗa.

Don kada a yi shakkar ko na wane ne, na sayo jan fenti na shafe masa ƙahoni, na ja masa jan layi a gadon baya. Yaran unguwa suka raɗa masa suna Arsenal. Da farko abin ya yi mini daɗi. Dusa da ƙaiƙayi da harawar wake, har kanwa nake jiƙa masa. Da Sporting ta Fotugal ta fitar da mu daga gasar Europa a bugun fenariti ranar 16 ga Maris, bayan wani yaro ya hango golanmu ya fito ya aika masa ƙwallo tun daga tsakiyar fili, na ce yanzu ne ma muka huta, saura abu ɗaya a gabanmu. A wasan nan Saliba ya ji ciwo a baya, bai sake bugawa ba har kaka ta ƙare. Wannan ban sa shi a allo ba. Abin da na sa shi ne tazarar maki takwas da muka ba City bayan mun lallasa Crystal Palace. Cewa suna da kwantan wasa, da ƙananan haruffa na rubuta, can ƙasa inda akuya ke gogawa.

Azumi ya kama. Ranar 9 ga Afrilu na zame daga wurin tafsiri na shige rumfa, ina cewa a raina minti casa'in ne kawai. Muka ci Liverpool biyu a gidanta. Suka farke ɗaya, Firmino ya farke na biyu ana saura ƙiris a tashi. Na fito baki a bushe, ga yunwa ga takaici, na sha ruwa da kunu tsararo, don ba shinkafa a gidan, kuma kowa ya san dalili. Bayan mako guda, West Ham: cikin minti goma mun ci biyu, Saka ya ɓarar da fenariti, aka tashi 2-2. A ranakun nan ne kuma ragon ya samu buhun dusa a buɗe ya yi mata cin ƙoshi. Ina tafe makaranta yara na bina a baya: "Malam, Arsenal na zawo!" In juya in tsawata, su ce wallahi rago suke nufi. Ka gaya mini, wa zan kai ƙara?

Ranar Juma'a 21 ga Afrilu aka yi Ƙaramar Sallah, kuma a daren ne muke karɓar Southampton, ta ƙarshe a teburi. Tun tsakiyar azumi na kai wa tela farar shadda na ce ya yi mata jan aiki a wuya da hannu. Na ɗora jar dara. Haka na je Idi, haka na zaga gaisuwa, haka na shiga gidan kallo ina ƙamshin turare, ana buɗa mini hanya. Ban gama tattare riga na zauna ba, golanmu Ramsdale ya ɗauki ƙwallo ya miƙa wa ɗan wasansu kamar mai raba goron Sallah. Ɗaya. Minti goma sha huɗu Walcott, ɗanmu da muka raina, ya ƙara. Da ƙyar da jiɓin goshi muka tashi 3-3. Gumi ya sa jan zaren ya zuba, gaban rigar ya koma ruwan hoda. Na bi ta bayan gari na koma gida.

Sauran ba sai na ja ba. Ranar 26 ga Afrilu City ta yi mana 4-1, De Bruyne biyu, Haaland ya kwance gashin kansa ya rufe da na huɗu. Brighton ta sake zuwa gida ta ba mu uku ba ko ɗaya. Duk da haka ban bar allo ba. Na nuna wa jama'a cewa in City ta sha kashi a duk wasanninta uku, mu kuma muka ci namu biyu, magana ta ƙare. Lissafin daidai yake, har gobe ina nan a kansa. Ranar 20 ga Mayu muka je Nottingham Forest. Wanda ya ci mu ƙwallo ɗayar da ta miƙa wa City kofi ba Bature ba ne, ba ɗan Brazil ba ne. Taiwo Awoniyi ne, haifaffen Ilorin, ɗan ƙasata. Kwana 248 muka yi a saman teburi, ba ƙungiyar da ta taɓa daɗewa haka ta tashi hannu rabbana. Muka gama da maki 84, City 89.

Na yi wa kaina ta'aziyya da cewa aƙalla ragon layya ya samu, ga Babbar Sallah tafe. Washegarin ranar da City ta ɗaga kofi, da hantsi, na ji sallama. Ƙanen matata ne, da mai shayi, da mai gidan kallo, da Kawu, yayan mahaifiyata, wanda bai san ko ƙwallo zagaye take ba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Yaron nan ya ciro waya ya kunna. Ga ni a kan benci da takalmi ɗaya. Ga muryata tar, sau biyu.

Kawu ya ce, "To, mi kac ce nan?"

Na ce, "Kawu, ai kowa ya san nufina in mu muka ɗauka."

"Ka ambaci sunan mai ɗauka?"

"Ban ambata ba, amma..."

Ya juya ga mai gidan kallo. "An ɗaga kohin ko ba a ɗaga ba?"

"An ɗaga, Baba. Jiya da marece, kowa ya gani."

"To, baki shi ka yanka wuya. Ɗa ba ya magana biyu."

Na shiga cikin gida neman mai goya mini baya. Uwargida na zaune tana wasa wuƙa a bakin turmi. Ashe tun da safe ta aika an sayo albasa.

A ƙofar gidana aka yanka Arsenal. Magoya bayan City, da na ce babur ɗaya ya ishe su, ranar sun cika layi har kwana, cikinsu har da mutanen da na san da rigar Chelsea na bar su jiya. Uwargida ta cire cinya biyu ta ce kafin alƙalami ne, sauran bashin shinkafarta yana nan sai kaka. Ni aka ba aikin hura gawayi, wai na fi kowa sanin ragon. Rabona kayan ciki ne da ƙafa ɗaya, a murfin kwano, na ci a tsaye. Amma fa gaskiya ɗaya ce: naman nan ya yi. Kitse har yana ɗiga a wuta. Mai shayi da kansa ya ce bai taɓa cin rago mai taushinsa ba, na ce masa ai kiwo ilimi ne, na fara yi masa bayanin yadda ake jiƙa kanwa. Ina cikin bayanin ƙanen matata ya dafa kafaɗata da hannunsa mai maiƙo ya ce, "Yaya, baɗi ma kai za ka yi muna kiwo."

A kakar da ta biyo baya muka tara maki 89. City ta tara 91. Ban yi wa kowa alƙawari ba, ko kaza ban ambata ba, duk wasan da na kalla hannuna na kan bakina. Duk da haka, washegarin rufe kakar da sassafe ƙanen matata ya yi sallama riƙe da igiya. Na tura yaro ya ce masa na tafi Bakura ta'aziyya. Yaron ya fita ya ce, "Baba ya ce ya tahi Bakura."