Allah Ya Ja Zamanin Masu Gadin Wando

Duk lokacin da aka raba lambobin girmamawa a Abuja, sai a sake tsallake wasu bayin Allah da suka fi kowa cancanta. Ina nufin dattawanmu na majalisa, daga Kura zuwa Bunkure, daga Kadawa zuwa Garun Malam, waɗanda suka sadaukar da yammacinsu kaf ga aikin gadin wandon samari. Ba albashi, ba alawus, ba hutun Sallah. Da an idar da La'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, a jingina da bango, a fuskanci hanya, a kama aiki. Yaro ya gifta a kan babur, kafin ƙurarsa ta kwanta an auna wandonsa, an gano ya tsuke a ƙwauri, an tantance askin da ke kansa, an kuma binciko asalinsa har kaka.

"Kai jama'a, dubi wannan! Wando kamar an ɗura shi a ciki."

"Ɗan gidan waye?"

"Ai jikan Malam ne, na bayan masallaci."

"Inna lillahi! Gidan mutunci. To, Allah ya shirya."

"Zamani ke nan, Alhaji. Yaran yanzu sai addu'a."

Irin wannan kaifin ido baiwa ce, ba a koyon sa a makaranta. Mutumin da sai ya nemi jikansa ya karanta masa saƙon waya, shi ne yake hango matsewar wando daga tsallaken titin Zariya. Abin da ya ƙara min ganin girman baiwar shi ne yadda Allah ya tsare idanun nan daga shagala da abubuwa marasa amfani. Ga magudanar ruwa nan a bayan majalisar, taku kaɗan ne tsakaninsu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan nan yake biyo hanya yana shayar da gonakin yankin, a shirin da aka tsara wa hekta 22,000 a zangon farko. Shi ya mayar da Kura garin shinkafa, shi ya sa manyan motoci ke layi a Kwanar Gafan suna lodin tumatir zuwa Kudu. Shekara da shekaru kachalla da laka da leda suna toshe magudanan, na ƙarshen layi suna kwana a bakin gona suna jiran ruwan da ba zai iso ba, har sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING kafin a yi musu gyara na sosai. Yashe ƙananan magudanai kuwa aikin manoma ne da ƙungiyoyinsu, aikin gayya ne da yake buƙatar babba ya tsawatar, ya ce kowa ya fito ranar kaza da shebur. Amma wa yake da sukunin wannan alhali tarbiyya na rushewa a ƙwaurin samari? Dattijo mai hankali ya san abin da ya fi gaggawa.

Wani abin da nake jinjina musu a kai shi ne iya rarrabe sutura. Yaron nan da ya gifta da yamma cikin wandon jins da rigar Barcelona, ai da sassafe ma yana sanye da kaya. Yana gonar Alhaji, goye da tankin feshi, igiyar ta ci kafaɗarsa. Singileti ce a jikinsa, ta yage a hammata, da guntun wando da ya naɗe har gwiwa. Ƙafarsa ba takalmi, ta nutse a taɓo. Ya buɗe kwalbar magani da haƙori, ya tsiyaya a murfi, ya zuba a tanki, ya ɗebo ruwan magudana ya cika, ya karyo kara ya juya. Tankin yana yoyo ta wajen murfi, maganin yana bin gadon bayansa, iska kuma tana dawo masa da feshin a fuska. Babu safar hannu, babu takunkumi, babu takalmin roba. Idan ya gama ya wanke hannu a ruwan da ƙannensa ke wanka, ruwan da ya sa tsargiya ta zama ruwan dare a ƙauyukan noman rani. Alhaji yana tsaye a kan kunya da carbi, yana cewa, "Yauwa ɗan albarka, ka kai har can kusurwar." Ban taɓa jin wannan shigar ta safe ta zo gaban majalisa ba. Kuma daidai ne. Ita huhu kawai take ci, da fata, da ido. Ta yamma kuwa mutuncin gari take ci. Ga shi kuma takalmin roba da kuɗi ake saye, nasiha kuwa kyauta ce, kuma dattawanmu mutane ne masu kyauta.

Sai maganar "a zamaninmu". Allah ya yi wa iyayenmu ni'imar mantuwa, ita ce ke ba su natsuwar yin hukunci. A ƙasan akwatunan gidaje da dama akwai hotuna marasa kala, na shekarun da ake haƙa magudanan nan, lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, kasuwa ta ɗauka, kowa ya ɗana. Duba saurayin da ke jikin hoton: ƙasan wandonsa ya buɗe yana share ƙasa, sama kuwa ya ɗame cinya, rigar ta kama ƙirji, maɓalli biyu a buɗe, takalmi mai tudu, suma tuli guda an taje ta, ya dafa sabon keke ko rediyo mai kaset. Ranar hutu ya shiga Kano, ya kalli fim ɗin Indiya a Plaza ko Eldorado, ya dawo yana karkata hula. Saurayin nan shi ne mai rawanin da ke shugabantar majalisa yau. Kada wani mara kunya ya fito da hoton. Wancan ai ado ne na mutunci. Na yanzu ne lalacewa.

A nan Kura ma abin ya fi armashi, domin garin da adon samari ya yi suna. Tun kafin a yi mafarkin Tiga, abin da ya kai sunan Kura har Agadas da cikin Sahara shi ne turkuɗi da rawanin nan da ake kira ɗan Kura. A saƙa ƙyalle siriri, a ɗinke shi layi-layi, a tsoma a baba a karofi har ya yi baƙi ƙirin, sannan mabuga su zauna su yi ta dukansa da shuni har ya riƙa walƙiya. Buzu ya sayar da raƙumi ya saya, ya naɗa, shunin ya zuba masa a fuska da wuya, shi kuwa abin da yake so ke nan. Ba don sanyi ake sayensa ba, ba don ya fi ƙarko ba; don a gani ne, a yaba, budurwa ta waiwayo. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin ƙasar Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Kakannin Kura sun ci abinci da ƙwalisar 'ya'yan wasu, sun gina gidaje, sun je Makka. Allah ya rufa asiri a wancan lokacin babu majalisa irin tamu a Agadas, da tuni ta kashe mana kasuwa.

Yau karofi nawa ne ke aiki? Mabuga nawa suka rage, kuma shekarunsu nawa? A cikin masu kukan an yar da kayan gargajiya, wa ya tura ɗansa ya koyi rini ko saƙa? Tambayoyin 'yan zamani ke nan, marasa ladabi. Kishin gargajiya a baki yake, kuma bakin dattawanmu bai taɓa gajiya ba. Dubi shigar mai kishin, ka sha kallo. Shaddarsa, in ta gaske ce, daga Ostiriya aka saƙo ta. In kuwa irin wadda aka fi samu a Kantin Kwari ce, daga Sin. Aikin wuyan rigar injin kwamfuta ne ya yi shi cikin awa guda, aikin da mai allura yake shafe watanni a kan aska takwas. Hular Zanna Bukar ce, ta Barebari. Agogo da takalmi da turare, kowanne da ƙasarsa. Ba saƙi, ba tsamiya, ba barage. A cikin wannan cikakkiyar shigar Bahaushe yake zama ya yi tir da yaron da ya sa kayan baƙi. Masaƙun Bompai da Sharada da Challawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007, dubban magidanta suka koma gida, audugar da ake nomawa ta rasa mai saye. Majalisa ta ɗauki wannan da haƙuri da tawakkali, kamar yadda ya dace da manya. Ba a tayar da jijiyar wuya sai a kan abin da ya kai.

Shi kuwa yaron, da ladan dashe da yankan shinkafa da lodin kwanduna yake shiga gwanjo, ko a kasuwar ƙauye ko a Ƙofar Wambai, ya zaɓi jins ɗin da zai jure taɓo da babur har shekara ta zagayo. Kuɗin yadi biyar na shadda da ɗinki kuwa sai ya haɗa ladan kwanaki masu yawa, a ce bai ci ba, bai ba Inna na cefane ba. Wannan lissafi ne, dattawa kuwa ba su sauko ƙasa har su yi lissafi ba. Akwai dai rigar Nasara guda da aka yi wa afuwa: mai gajeren hannu, mai hoton ɗan takara a ƙirji, da hular hana-sallah a kai. Idan zaɓe ya matso, yaran nan ne dai ake sa wa ita, a cika su a mota, a ba su abin da ake ba su, su yi ta ihu har dare. A ranar majalisa ba ta zama. Tana gidan shugaban jam'iyya na mazaɓa, ana rabon atamfa da taliya.

Kan 'yan mata kuwa, nan ne sadaukarwar ta kai maƙura. Kafin mutum ya tabbatar cewa gyale shara-shara ne, cewa ɗinkin ya kama ƙugu, cewa siket ɗin an tsaga shi ta baya, sai ya duba da kyau, ya sake dubawa, ya bi ta da ido har ta sha kwana. Malamai sun ce a runtse ido, amma dattawan nan sun ɗauki nauyin kallon a kansu domin al'umma ta tsira. Allah ya saka. Yarinyar da ke yawo da farantin talla tsakanin direbobi a bakin titi har bayan Isha ba ta cikin ajandar, tunda hijabinta har ƙasa, kuma cinikin gida yake komawa. Wadda aka cire daga makaranta don ta taya uwarta turara shinkafa ma haka, ai zane take ɗaurawa. Idan kuma kaka ta yi kyau, aka sayar da shinkafa, sai ka ji wanda ya fi kowa zafi a majalisa zai ƙara aure. Wa zai aura? Ɗaya daga cikin masu gyalen nan. A je a ga lefe: leshi mai huda-huda, mayafai marasa nauyi kala-kala, takalma masu tsini. Kada a yi masa mummunar fahimta. Ceto ya je yi.

Abin farin ciki, karatun majalisa ya kai har birni. A 2021 hukumar Hisbah ta Kano ta hana teloli da masu shagunan kaya amfani da mutum-mutumi wajen tallar tufafi, an kuma sha ganin samarin da aka tare aka aske musu kai saboda salon aski. Idan har gunkin roba bai tsira ba, ina ga jikan Malam?

Wanda ya fi kowa sanin darajar dattawan nan shi ne tela. Je ka shagonsa ana jibi Sallah. Wuta ta ɗauke, janareta na kuka a waje, man da ke cikinsa ya ninka kuɗi tun da aka cire tallafi a 2023. Kaya sun taru har rufi, ƙyallaye a ƙasa, dutsen guga na gawayi yana hayaƙi a bakin ƙofa, shi kuma idonsa ya yi ja don kwana uku bai runtsa ba. Saurayi ne shi ma, da askinsa irin na 'yan ƙwallo. Samarin da ake zagi su suke riƙe da shagon: su kawo yadi, su nuna hoton ɗinkin a waya, su ce a tsuke nan, a rage can, su tura kuɗi nan take. A bayan ƙofa kuwa akwai littafi mai baƙin bango, sunayen da ke ciki duk masu girma ne, wasu tun Sallar bara.

Alhaji ya shigo da sallama, ya karɓi babbar rigarsa, ya ɗaga ta a hasken fitila, ya duba aikin wuya, ya yi gyaran murya. Ya ɗan yi nasiha a kan telolin da ke taya yara lalacewa, ya ce duk wanda ya ɗinka matsattsen wando yana da kamasho a zunubin. Tela ya ce, "Haka ne, Baba. Allah ya sa mu gyara." Ya naɗe rigar a leda, ya miƙa da hannu biyu, ya ɗan sosa ƙeya.

"Baba, na ce ko za a ɗan taɓa cikon nan? Har da na bara."

"Kai yaro, kun cika gaggawa. Guduwa zan yi? Bari a sayar da shinkafa. Kuma kafin nan ka je ka gyara askin nan na kanka."