Ka Ɗauke Ni Ina Liƙi

Da an gama kai masara gida a ƙasar Faskari, kuɗi kan fara yi wa samari ƙaiƙayi. A da an san inda suke tafiya: wani ya sayi babur, wani ya kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinya, mai hangen nesa ya shiga kasuwar Sheme ya jawo ɗan maraƙi. Yanzu an sami ƙari. A Ruwan Godiya ma ba a rasa saurayin da zai sayar da buhunansa, ya hau mota zuwa Funtuwa, daga can ya miƙe Kano, ya dawo da kyamara ta hannu rataye a wuya, ya shaida wa mutanen gida cewa daga yau shi mai ɗaukar hoton mawaƙa ne a wurin wasa. Tsohuwarsa ta ce Allah ya sa albarka. Tsohonsa ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa rabi, duk da haka sai da ya yi salati.

Tun bai san inda ake kunna ta ba ya riga ya tanadi abu biyu. Akwai 'yar shara mai aljihuna ta ko'ina, wadda ba abin da ke cikinta sai goro da cajar waya. Akwai kuma tambari, wato sunansa da wata kalmar Turanci a gaba, da zai riƙa mannawa a kan kowane hoto, da girman da sai ka leƙa ta gefensa kafin ka gane wanda aka ɗauka.

Sai karatu. Malaminsa wani Bature ne a YouTube, kuma a gaskiya abin da Baturen ke faɗa ba ƙarya ba ne. Wurin wasa duhu gare shi, mawaƙi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Don haka a buɗe idon kyamara sosai ya sha haske, lamba 2.8 ko 1.8, a sa ƙiftawarta ta yi sauri, kamar kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, don kada hannun mawaƙi ya fito a shafe, a ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, a haƙura da 'yan tsakuwoyin da za su fito a hoton. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da gilashi mai milimita 50, shi ne mai sauƙin kuɗi. Daga nan Baturen ya kawo dokar da ake bi a manyan wasannin Ingila da Amurka: masu hoto suna da nasu wuri tsakanin dandamali da 'yan kallo, a ba su waƙa uku na farko su yi aikinsu, ba a yarda su kunna filas ba, waƙa ta uku na ƙarewa a nuna musu ƙofa.

Waƙa uku! A ƙasar da Dakta Mamman Shata ya zauna. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kiɗan kalangu a Funtuwa ya san waƙa a nan ba da agogo ake auna ta ba. Tana ƙarewa ne idan hannun wanda ake yi wa ita ya daina shiga aljihu. Shata ya rasu tun 1999, amma wannan ƙa'ida tana nan da ranta, har wajen yaran da ba su taɓa riƙe gula ba, waɗanda DJ ke sako musu waƙarsu su yi ta mamin. Idan attajiri ɗaya ya dage, waƙar farko ma sai ta kai ka lokacin da man janareto zai ƙare.

Wurin da aka keɓe wa masu hoto kuwa, sai dai ka keɓe wa kanka da gwiwar hannu. Dandamalin bencina ne aka haɗa, ko bayan babbar mota. Hasken ƙwan lantarki ne guda biyu a kan gora, suna haske suna dusashewa daidai da numfashin janareto, ƙwari na kewaya su. Idan hunturu ne, ga ƙurar sama ga wadda ƙafafun masu rawa ke tayarwa. Ka kunna filas a cikin wannan, haskensa ya daki ƙurar da ke gaban gilashi, hoto ya fito da fararen ɗigo-ɗigo a ko'ina. Ka nuna wa wata tsohuwa, ta yi a'uziyya ta ce dama ta faɗa, wurin kiɗa ba ya rabo da mutanen ɓoye.

To ka ce za ka bi Bature ka kashe filas ɗin. Nan za ka gane kurenka. A wurinmu hoton da ba a ga walƙiyarsa ba, ba a ɗauke shi ba. Mutum zai gyara hula, ya ƙame, ka danna, ka ce an gama, ya ce, "Ban ga wuta ba." Ka nuna masa fuskarsa a bayan kyamara, ya duba da kyau, ya ce e, shi ne, amma dai a sake da wuta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin da Baturen bai sani ba shi ne, a wasanmu ba mawaƙi ake zuwa ɗauka ba. Sabon mai hoto zai ɓata daren farko yana bin mawaƙi, yana jiran ya ɗaga hannu, yana neman gumin goshinsa, yana durƙusawa yana miƙewa. Washegari ya ga ba mai tambayar waɗannan hotuna, har shi mawaƙin. Wanda ake nema shi ne hoton mai liƙi.

Ku tsaya ku kalli Alhaji idan zai shiga fili. Ya sha shadda tana ƙara, ya karya hula, yaronsa na biye da jaka. Ba ya doshi mawaƙi kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin fili yana rarraba ido har ya hango mai kyamara, su haɗa ido, ya ɗan ɗaga masa gira. Sannan ya taka. Ya zaro bandir ɗin sababbin kuɗi, 'yar dubu ɗaya a sama, 'yar dubu ɗaya a ƙasa, tsakiya kuwa 'yan ɗari bibbiyu ne sun yi sahu. Ya fara manna su a goshin mawaƙi ɗaya bayan ɗaya, hannu na wajen mawaƙi, fuska na wajen kyamara, har wata takardar ta sauka a idon bawan Allah bai sani ba. Mawaƙi na ta jero sunan kakanninsa, shi kuwa hankalinsa na kan ko agogonsa ya fito.

Idan ya gama sai ya matso.

"Yaro, ka ɗauka?"

"Ranka ya daɗe, batir ne ya ɗauke tun kana na biyar."

Alhaji ya yi shiru. Ya dubi kuɗin da ke ƙasa, ya dubi yaran mawaƙi da suka riga suka fara cusa su a buhu.

"Kai, ku dakata. A tsince min su, za a sake."

Ba a taɓa jin yaran mawaƙi sun mayar da abin da ya shiga buhu ba, don haka rigimar a kan mai hoto take ƙarewa. Daga ranar yake koyon darasin da ya fi na ISO amfani: ko kyamara ta mutu, ka ci gaba da dannawa kana gyaɗa kai.

A farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin 'yan 200 da 500 da 1,000 takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, na zaci liƙi ya mutu. Ina! Sai aka koma tura wa mawaƙi ta waya, a ɗaga wayar sama, a kira mai hoto ya matso ya ɗauki fuskarta yadda sifirai za su fito. Ga kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Shekaru aka yi ba mai tunawa da shi, sai a 2024 hukumar EFCC ta matsa ƙaimi wajen gurfanar da mutane, kuma shaidarta ita ce hotuna da bidiyon da su masu liƙin suka sa aka ɗauka suka watsa da hannunsu. Tun daga nan mai hoto ya sami sabon aiki. Da asuba Alhaji zai kira: "Ɗan nan, goge hotunan jiya duka." Da hantsi ya sake kira: "Ka goge? To kafin ka goge turo min guda uku, waɗanda kuɗin ke sama."

Ɓangaren mata nasu salon daban. A zamanin Barmani Coge, 'yar Funtuwa da ta rasu a 2013, amada ta cikin gida ce, a kifa ƙwarya a ruwa mata su cashe abinsu, namiji ko leƙe bai isa ya yi ba. Yanzu ana kiran mai hoto har wurin wuni, amma da sharaɗi guda: "Malam, ka haskaka ni." Kamfanin da ke yin wayar Tecno a ƙasar Sin ya ɓata lokaci da kuɗi yana gyara kyamararsa don ta riƙa fito da baƙar fata yadda take, da kyanta. Mu kuma muka karɓa muka gode, muka nemo manhajar da za ta wanke mu tas. Sai an gama gyara fuska a manta da hannu, hoto ya fito kai na wata, yatsu na wata. Uwar da ta haifi yarinya ta karɓi waya ta duba, ta ce kyakkyawa ce, 'yar gidan wa ce?

Ga kuma abokan hamayya, wato kowa da kowa. Mawaƙi na fitowa hannuwa za su tashi sama, Tecno da Infinix da itel, su yi maka katanga. Rabin masu wayar ma sun juya wa mawaƙin baya, suna ɗaukar kansu shi yana can ƙarami a bayan kunnensu. An biya kuɗin mota, an biya na shiga, an zo an ba wa mutum ƙeya. Waƙar kuma sai an koma gida za a ji ta a waya.

Maganar biya ba ta da tsawo, domin biyan ma ba shi da yawa. A gari irin Ruwan Godiya duk wanda ka ɗauka ko kawunka ne, ko surukin yayarka, ko wanda ya yi maka huɗuba. "Turo min ta WhatsApp" ba ciniki ba ne, zumunci ne. Yaron mawaƙi zai karɓi hotuna ya ce za a sa sunanka duniya ta san ka, gobe ka gan su a Facebook an yanke daidai inda tambarinka yake. Taron siyasa ne ke da ɗan maiƙo. Kowa ya ga inda waƙar siyasa ta kai Dauda Rarara, mutumin Kahutu ta ƙasar Ɗanja, don haka mai hoto ma yana sa ran yayyafin zai taɓa shi. A can umarni ɗaya ne: ka ɗauka yadda mutum ɗari za su zama dubu, kada kujerun baya su fito. Kuɗinka kuma sai bayan zaɓe, idan an ci.

Akwai abin da ba na raha ba a cikin wannan sana'a a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, kowa ya san shi. Rashin tsaro ya cinye dare. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da waɗannan ukun, na tsawon watanni. Janareto ba mai, waya ba sabis. Ɗan abin da ya rage na shagali ya koma tsakanin la'asar da magariba, kowa na kallon rana. Ta haka mai hoto ya sami hasken da ya fi na kowane dandamali a duniya, kyauta, ba ISO ba filas. Sai dai ni zargina shi ne a watannin nan hannun masu liƙi ya yi sanyi, tunda ko an ɗauka ba inda za a ɗora.

Kada sabon mai kyamara ya ce na kashe masa gwiwa, bari in ba shi labarin Malick Sidibé na Bamako. A shekarun 1960 yakan bi wuraren rawar samari da 'yan mata da dare, daga wannan zuwa wancan, ya koma ya wanke fim, ya baje ƙananan hotuna a shagonsa, masu rawa su zo su zaɓa su saya. Shi ma jama'a ya ɗauka, masu kwalliya da masu son a gan su. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Benis a Italiya, ya rasu a 2016 duniya na rububin hotunansa. Bambancin kawai, shi ya adana fina-finansa a kwalaye shekara da shekaru. Namu katin memori ɗaya gare shi, ranar Juma'a yake goge na Alhamis don ya sami wurin na Asabar.

Inda kuɗin yake na gaskiya, wanda ba wanda zai gaya wa yaro sai ya shekara a sana'ar, shi ne cire mutum daga hoto. Nan ba a neman ragi, ba a kawo zumunci. Matar da aka rabu da ita, aminin da ya ci amanar kuɗin taki, ɗan takarar da ya sauya sheƙa, duk suna tsaye a tsofaffin hotuna suna murmushi, kuma dole a fitar da su. Alhajin nan mai bandir ma zai dawo wata rana da magariba, ya ja mai hoto gefe, ya buɗe masa hoton da ya fi so, wanda kuɗi ke tashi sama agogo ya fito.

"Ka ga wannan? Cire min shi."

"Ranka ya daɗe, ai mawaƙin ne."

"Na sani. Yanzu wancan ɓangaren yake yi wa waƙa. Ka bar ni da kuɗina, nawa zan ba ka?"