Masu Ihu da Masu Tawada a Damagaram

Wanda ya auna siyasar unguwa da yawan ihu, ranar ƙidayar ƙuri'a zai sha kunya. Daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Sabon Gari, masu cika titi daban, masu dangwala yatsa a tawada daban. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi maƙwabcinsa a ciki.

Na ɗaya shi ne Baba ɗan gani-kashe-ni. Tun 1993, da Mahamman Usman ya kayar da Tanja a zagaye na biyu, Baba ya rufe littafin zaɓinsa. Gwaninsa na CDS-Rahama, yana can. Ya tsaya a ƙarƙashin jam'iyyar Hankuri a 2016, Baba ya bi shi. Ya koma Canji a 2020, Baba ya canza hula, zuciya na nan inda take. A wurinsa ƙuri'a biyan bashi ce: an ɗauke wa Damagaram babban birni a 1926 an kai Yamai, an kuma kifar da ɗan gari a Janairun 1996. Daga sallar asuba yake wucewa rumfar zaɓe, ya riga ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI zuwa, ya yi musu faɗan makara. Ka ce masa, "Baba, ai Bazum ya kayar da gwaninka da sama da kashi 55 cikin ɗari a 2021," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?"

Ta biyu Hajiya uwar adashi. Akwatinta ya ga jam'iyyu: ga zanen Tarayya ruwan hoda, ga koren Nasara, ga na Lumana a ƙasa. Kowane ɗan takara ya zo, ta tara masa mata, a yi guɗa, a karɓi sabulu da sukari, ta ce, "Ɗana, ka je ka kwanta, unguwar nan taka ce." Mutum huɗu ta faɗa wa haka cikin mako guda, kowa ya tafi yana murna. Ranar Lahadin zaɓe kuwa ita da matanta ne ke cika layi, da goyo da buta, rana na dukansu. Wa ta zaɓa? Maigidanta ma ya gaji da tambaya.

Na uku shugaban fada, kuma a nan ake samun ilimi. Yana kan tabarma, butar shayi na kan gawayi, rediyo na manne da kunne: BBC da safe, RFI da rana, Anfani da dare. Ya san yadda ƙuri'un Tasker za su faɗi, ya san abin da Magarya da Mirya suka ƙulla, ya san wanda zai sayar da wa a zagaye na biyu. Matsalar guda ce: katinsa. Lokacin rajista ya ce sai layi ya ragu. Lokacin rabon kati ya ce sai rana ta yi sanyi. Ranar zaɓe ya leƙa makarantar da aka ajiye akwati, ya ga mata reras, ya dawo ya ɗora shayi na uku. Da magariba shi ke yi wa waɗanda suka jefa ƙuri'a bayanin kuskuren da suka tafka.

Na huɗu ɗan kabu-kabu. Aƙidarsa tana cikin tankin babur. Jika ɗaya ta mai da riga mai hoton ɗan takara, ya raka ayari tun daga hanyar filin jirgi yana danna oda har murya ta dushe. Da la'asar wani ayarin ya shigo, ya juya rigar ya saka wata. Shi ne ke sa baƙo daga Yamai ya koma yana rantsuwa ya ci Damagaram. Ranar zaɓe yana aiki tuƙuru, yana kai tsofaffi rumfa yana dawo da su, yatsansa fes.

Ta biyar Inna mai jarka. Ba ta san launin kowace jam'iyya ba, tambayarta ɗaya ce tun tana amarya: ruwa. Garin da ke zaune kan dutse, inda famfo ke yin tari da tsakar dare ya ɗiga kaɗan ya yi shiru, mai ga-ruwa kuma ya ƙara kuɗi da zarar bazara ta kama. Kowane ɗan takara ya durƙusa ya ce, "Inna, bana an gama da wannan." Takan ce, "Allah ya yarda," ta je ta jefa masa, ta dawo ta bi layin famfo, wanda ya fi na zaɓe tsawo.

Na shida Alhajin Kasuwar Dole. Kowa ya auri inna, shi ne baba. Yakan ba masu mulki gudummawa da rana, ya aika wa 'yan adawa da dare. Da aka yi ta kiran tazarce zamanin Tanja, yana sahun gaba. Da sojoji suka kawar da Tanja a Fabrairun 2010, ya ce shi dama ya hango. Hotunan shugabanni na jere a bayan kanti, mai ci ne kawai ke hawa bango.

Na bakwai Malam an-riga-an-rubuta. Ba ya fita, don a cewarsa an gama komai tun a Yamai. In gwaninsa ya faɗi, shi ne na farkon ihun maguɗi. In ka tambaye shi ƙuri'ar wa aka sace, sai ya ce ta jama'a.

Tun 26 ga Yulin 2023 sojoji ke riƙe da ƙasa, a Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyu baki ɗaya. Baba ya adana katinsa a cikin leda yana jira. Zannuwan Hajiya sun koma na aikin gida, fuskokin 'yan takara na tuƙa tuwo. Ɗan kabu-kabu ya koma sayen mai da kuɗinsa, Alhaji ya sauya hoton bango, Inna na nan a layinta. Shugaban fada kaɗai ne bai yi asarar komai ba: da can bai jefa ba, yanzu ma ba a ce ya jefa ba, sharhi kuma sai abin da ya ƙaru.